Takardar Da Na Ƙwace A Hannun Ramatu

Ko zan manta da komai na aikin koyarwa, ba zan taɓa mantawa ba da wata Talata da na tara wa kaina 'yan kallo da hannuna. Ba wanda ya gayyace su sai ni. Ni na je har ofis na taso darakta, ni na sa aka kira shugaban iyayen yara daga bakin sana'arsa, ni na yi musu jagora har ƙofar aji, duk don su zo su ga kunyar wani. Ashe tawa suka zo gani.

A lokacin ina koyar da ilimin halittu a wani kolej da ke kan hanyar Barmu. Litinin da sassafe in hau babur daga Tawa, Juma'a in koma wurin iyali. Shekara tara ina riƙe da ajin turwaziyem, wato ajin ƙarshe, masu jarabawar birebe. A ƙaramar makaranta irin tamu, mai riƙe da wannan aji shi ne babban malami ko ba a rubuta a takarda ba. Shi ake gaisarwa bayan darakta, shi iyaye ke tsayarwa a kasuwa su tambayi labarin 'ya'yansu. Ina son wannan matsayi, ba zan ɓoye muku ba, ina son sa fiye da yadda ya kamata.

Tsarin koyarwata kuwa ba shi da wahala. Ina da wani kaye mai baƙin bango, littafin da na rubuta darussana a ciki tun shekarar da na fara aiki. In shigo, su miƙe su gaishe ni, su zauna, in buɗe kaye in karanto, su rubuta. Shi ke nan. Na maimaita darussan nan har bakina ya daina neman izinin ƙwaƙwalwata. Baki na karantawa, ido na sintiri daga benci zuwa benci yana neman wanda ya juya wuya. Dokata guda ce, kuma nakan faɗe ta tun ranar farko: a ajina baki ɗaya ne ke magana. Shugabar ajin, wata yarinya mai natsuwa da ake kira Ramatu, ita ke rubuta sunayen masu surutu in na fita. Duk wanda sunansa ya fito, aikinsa kwasar duwatsu a filin ƙwallo (wanda ya san yawan duwatsun ƙasarmu ta Adar ya san wannan hukuncin ɗaurin rai da rai ne).

Ba na son hayaniya, ba na son motsi. Ko teburina da ya fara rawa a makon farko na komawa makaranta, don daɓen ajin ya fashe, ban ƙyale shi ba. Na laluba jaka, hannuna ya ci karo da wata tsohuwar takarda, na ninke ta sau huɗu na cusa ƙarƙashin ƙafarsa, ya natsu kamar kowa.

A wannan shekarar ce aka turo mana Madam Zainabu, sabuwar malama, fanninmu ɗaya, aka ba ta ƙananan azuzuwa. Ajinta jikin nawa yake. Rana ta biyu da zuwanta na ji ana jan bencuna, ƙiiii, ƙiiii. Na leƙa na ga ta zagaya su rukuni-rukuni, yara suna fuskantar juna, wasu ma sun ba allo baya. Ita kuma tana yawo a tsakaninsu tana tambaya, su ma suna tambayarta, har da gardama. Na je ɗakin malamai na ce an buɗe reshen kasuwar dabbobin Tawa a jikin ajina. Aka yi dariya, na ji daɗi.

Dariyar ba ta daɗe ba. Konseye ya zo, wato jami'in da ke zagaya makarantu yana duba yadda ake koyarwa. Ya yi minti goma a ajina yana hamma, ya yi awa guda a nata yana gyaɗa kai. Da ya tafi darakta ya kira ni, yana kauce wa idona ya ce, "Mushe, konseye ya ce a duba batun turwaziyem. Bayan hutun wanga zango za mu ga wanda za ya ci gaba da ita, kai ko Madam." (Mushe, haka ake kiran malami namiji a wurinmu.)

Daga ranar nan na daina yarda da kowa.

A cikin waɗannan kwanaki ne wata rana, ina tsakiyar karanto darasin narkewar abinci, na ga hannu a sama. Hannu a ajina! Kuma na Ramatu, wadda na ɗora a kan saura. Na tsaya na dube ta daga sama har ƙasa.

"Mushe, ina da tambaya kan..."

"Sauke hannunki," na ce. "Nan ba kilas ɗin Madam ba ta. Rubuta abin da anka ce ki rubuta."

Ta sauke. Na ci gaba da karatuna ina jin kaina wani jarumi da ya kashe wuta tun tana ƙarama. A makon nan ma har na lura ina sauri bana, na wuce inda nake kaiwa a sauran shekaru. Na yi fahariya da haka a ɗakin malamai, da ƙarfi, don Madam ta ji. Na ce mu masu tsohon yayi har mun shiga darasin numfashi, wasu kuwa suna can suna jan benci.

Bayan kamar mako biyu abubuwa suka fara sauyawa. Takardar masu surutu ta fara zuwa babu suna ko ɗaya. Ku ji fa, yara sittin da wani abu, malami ya fita, a ce ba wanda ya yi tari? Na dai sa ido. Sai tsohuwar da ke sayar da ƙosai a bakin makaranta ta tare ni ta ce, "Mushe, lahiya ɗiyanka ba su hitowa shan iska? Ko kai ka hana su?" Na ce ban hana kowa ba. Na wuce ina zargi, domin yaron da ya bar ƙosai ya zauna a aji ba don Allah ya zauna ba. Na ce a raina ruwa ba ya tsami banza.

Na koma mai bin sawu. Bayan shan iska in shigo in duƙa kamar mai gyara takalmi, ina duba ƙasa. Ga alamar jan benci nan a kan ƙura, an ja an mayar. Teburina ma ba ya nan daidai inda na bar shi, ya ɗan gusa kamar faɗin yatsa biyu. (Na sani, domin na zagaye ƙafarsa da alli. E, har nan na kai.) Su kuwa yaran suna zaune tsit, hannu a kan kaye, fuskoki kamar ba su taɓa yin laifi ba. Shirun da na yi shekara tara ina alfahari da shi, shi ya koma yana hana ni sakewa. Duk wanda ya sunkuyar da kai sai in ce ɓoye dariya yake yi, wanda ya dube ni kuma in ce raini ne.

Ran nan na hango Ramatu da Madam a bayan azuzuwa, sun haɗa kai a kan wata takarda. Da suka gan ni yarinyar ta yi wuf ta cusa ta cikin hijabi. To, biri ya yi kama da mutum. Kashegari kuma Madam da kanta ta same ni ina ɗaure jaka a babur, ta gaishe ni da ladabi ta ce, "Mushe, don Allah in kana da lokaci, ina da 'yar magana kan kayenka."

Kayena! Wato ajin bai ishe ta ba, har da littafin take so. Na ce mata, "Madam, kayen nan ya girme ki a aiki. In kina da magana, ki kai ta inda kika saba kaiwa." Na tayar da babur na bar ta tsaye baki buɗe. Duk hanya ina yaba wa kaina wannan amsa.

Ranar Litinin na yi dabara. Da aka kaɗa ƙararrawar shan iska na fita kamar zan je shan shayi, sai na zagaya ta bayan aji, na bi jikin bango a duƙe, ni da girmana, na manna ido a tsagar tagar ƙarfe. Ga abin da na gani. Bencuna a zagaye, irin na ajin Madam. Ramatu a tsaye a wurina, a gaban allona, da takarda a hannu. Tana karantawa, wasu na rubutawa, wasu na ɗaga hannu, wani na musu, wata na nuna masa wani wuri a takardar da yatsa. Ban ji abin da suke cewa ba saboda ihun 'yan ƙwallo a fili, amma ban ga ina bukatar ji ba. Na riga na gama fassara: takardar ƙorafi ce a kaina, Madam ta tsara, kowa na kwafar tasa don su cika teburin konseye da su. Kwana uku nan gaba za a kira ni a ce yara ma ba sa so na.

Na tafi wurin darakta kai tsaye na zayyana masa. Ya saurare ni yana juya biro, sannan ya ce, "Ka tabbata, Mushe? Ba ka fara tambayar yaran ba?"

"In tambayi ɓarawo ko ya yi sata?" na ce. "Gobe ka zo da kanka ka gani. Kuma a kira Alhaji Amadu, ina son shaida daga wajen iyaye."

Alhaji Amadu shi ne shugaban kwamitin iyayen yara, babban mahauci ne a garin, dattijo mai fara'a wanda bai yi boko ba amma ba a raina masa hankali. Darakta ya so ya hana, na nace. Da na san karin maganar nan ta ramin mugunta a kaina za ta ƙare, da na gina shi gajere.

Talata ta zo. Na sa babbar riga, wadda nake sawa ranar rabon sakamako. Aka kaɗa ƙararrawa, na ba su minti biyar su yi nisa cikin laifi, sannan na jawo darakta da Alhaji. Madam ma na aika aka ce ta zo, don a yi a gabanta. Na banka ƙofa da ƙafa.

Ajin ya daskare. Ramatu na tsaye da takardar, idonta ya yi waje. Na taka har gabanta na fizge ta, ko kallonta ban yi ba, na miƙa wa darakta.

"Ga ta nan," na ce. "Karanta da ƙarfi, a fassara wa Alhaji, kowa ya ji abin da ake ƙullawa a makarantar nan."

Na ja da baya don in yi tsayuwar mai gaskiya, na dafa teburina da hannu ɗaya. Tebur ya karkace, gwaram! Kwalin alli ya zube ƙasa, ni ma saura kaɗan in bi shi. Na gyara tsayuwa ina mamakin abin da ya sami teburin, tunda ni na san na tokare shi.

Darakta ya warware takardar. Duk ta yi datti, ga ninki, ga wani zagayayyen tabo a tsakiya inda abu mai nauyi ya daɗe yana danne ta. Ya karanta layi biyu da Faransanci, ya tsaya. Ya juya bayanta. Ya dube ni ta saman tabarau.

"Mushe, wagga ai batun hanji ta. Ga ma zanen hanjin nan." Ya matso da ita kusa da hancina. "Kuma in ban ɓata ba, rubutunka na."

Rubutuna ne. Har da jan layin da nake ja a ƙarƙashin kan darasi.

Darakta ya juya wurin Ramatu ya ce ta yi bayani, kada ta ji tsoro. Ta ce, "Ranar shara na ɗaga tebur, nig gane ta ƙarƙashin ƙahwa. Da na buɗe, nig ga darasin da babu cikin kayenmu na. Shi na muka kwahewa kaɗan-kaɗan lokacin shan iska. Inda rubutun ya goge, sai mu yi shawara tsakaninmu mu gano kalmar. Wadda ta gagare mu, mu tambayi Madam."

"Darasin da babu?" in ji darakta. Ya ɗauki kayen yaron da ke kusa, ya buɗe darasin narkewar abinci, ya bi da yatsa har ƙarshe. Sai na ga kafaɗunsa sun fara motsi.

Bari in faɗa muku abin da ya faru, tunda ni ma a lokacin na gane. Ƙarafunan da ke riƙe da tsakiyar kayena sun yi tsatsa, takardar tsakiya ta zare ta faɗa cikin jaka, shafi huɗu cur. Ita ce tsohuwar takardar da na ninke na tokare tebur da ita. Shafin da ke kafinta ya ƙare da cewa abinci yana barin tumbi ya shiga cikin... shafin da ke bayanta kuma, wanda ke tsakiyar darasin numfashi, ya fara da huhu. Ni kuwa bakina ya haɗa su ya wuce, idona na can yana farautar masu surutu. Yara sittin da wani abu, masu shirin jarabawar birebe, suka rubuta da hannunsu cewa abinci daga tumbi huhu yake wucewa. Saurin da na yi ta fahariya da shi ke nan.

Alhaji Amadu ya ga darakta na dariya, ya ce a fassara masa, ai don haka aka kira shi. Darakta ya fassara, bai rage ko kalma ba. Alhaji ya shafa gemu, sannan ya dube ni da tausayi ya ce, "Mushe, ni dai ban yi lakkwal ba. Amma shekara talatin ina hiɗa, raƙumi, sa, akuya, ban taɓa iske abinci cikin huhu ba. Halan na mutane daban na?"

Ba yaron da ya yi dariya. Wallahi da sun yi da ya fi mini sauƙi. Suka sunkuyar da kai suna jin kunya a madadina.

Darakta ya goge ido ya tambayi Ramatu, "To, ɗiyata, don mi ba ku hwaɗa mishi ba tun farko?"

"Na ɗaga hannu ranar," ta ce, tana kallon ƙasa. "Mushe yac ce in sauke."

Madam na tsaye a bakin ƙofa. Ba ta ce ita ma ta zo mini da maganar na kore ta ba, kuma wannan shirun nata ya fi zagi ciwo.

"Da kunka kwahe," in ji darakta, "mi ya sa kuke maida ta ƙarƙashin tebur kullum?"

Ramatu ta ɗan ɗago ta dube ni, ta sake sunkuyawa. "In ba mu maida ba tebur shina rawa. Mushe kuwa ba shi son abu na motsi cikin kilas."

Wannan ita ce maganar da ta kayar da ni. Ba da gatse ta faɗe ta ba, iyakar gaskiyarta ke nan. Mako biyu yaran nan suna barin ƙosai, suna koya wa junansu abin da ni ya kamata in koya musu, suna gyara kuskurena a ɓoye kamar masu sata, sannan su ninke takardar su mayar ƙarƙashin ƙafar teburina don kada raina ya ɓaci. Ni kuma ina bayan taga a duƙe ina ƙirga laifinsu. Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba, har babbar rigar ta yi mini nauyi.

Alhaji ya juya ya fita. Na zaci fushi ya yi. Sai ga shi ya dawo da wani falalen dutse ɗan daidai, ya duƙa da kansa ya cusa ƙarƙashin ƙafar teburin, ya girgiza shi ya ga ya tsaya. Ya kaɗe hannu ya ce, "Ga dutse nan Allah ya hore muna ko'ina. Takarda a bar wa yara."

Bayan hutu aka ba Madam turwaziyem, ni aka mayar da ni siziyem, ajin 'yan farko. Ba wanda ya kai ƙarata wurin konseye, babu bukata, na riga na kai kaina. Na je na ba Madam haƙuri (sai da na yi kwana uku ina zagaya ƙofar ajinta kafin bakina ya yarda). Ta ce ba komai, ta kuma nuna mini yadda ake zagaya benci ba tare da an fasa daɓe ba. Ramatu ta ci jarabawarta. Ranar da sakamako ya fito ta zo ta gaishe ni ta yi godiya, na rasa inda zan sa fuskata.

Ba zan yi muku ƙarya in ce na zama wani sabon mutum ba. Har yau hayaniya na sa mini ciwon kai, kuma zargi bai bar ni ba, gida kawai ya sauya. A da yara nake zargi in sun yi magana, yanzu kaina nake zargi in sun yi shiru. In na ga aji ya yi tsit kowa na rubutu, sai in tsaya in ce, "To, wa ya ji abin da bai zauna ba?" In kuwa hannu ya tashi, kafin ya gama miƙewa na kira mai shi, don ban san inda na sake tura abinci ba.

Alhaji Amadu kuma bai taɓa tayar da maganar a gaban mutane ba, dattijo ne. Sai dai duk ranar da na tsaya sayen nama a wurinsa, in ya gama yanka mini, sai ya ƙara ɗan guntun huhu a kai gyara, ya ƙunshe, ya miƙo mini ya ce, "Mushe, in ka kai gida ka duba ciki, ko an dace."